Tabon Kaka a Kuncin Dama

Wata Talata ce da damina, shekarar da nake aji biyar, Kawu Buba ya sauka daga acaɓa a ƙofar gidanmu a Sabon Layi, bayan shekara shida yana karatun likitan dabbobi a Kyuba. Mun sa ran alewa da takalma, sai ya zaro wata faffaɗar takarda a naɗe. Gaskiya na ji haushi, har ya warware ta a kan tabarma. Zanen mata ne a layi suna jiran mota a bakin teku, baƙi da fari kawai, amma ina ganin gajiyar da ke kafaɗarsu. Na manta da wanke-wanken da na bari, kaji suka yi ta shagali a kwanukan.

Kawu ya ce maƙwabciyarsa ce a Habana, babban birnin ƙasar, ta yi shi. Tun tana yarinya aka ɗauke ta makarantar zane, ta gama daidai lokacin da fenti da takarda suka yi wuya a ƙasar. Ita da abokanta ba su zauna kuka ba. Wani ya koma zane da ruwan kofi, wani yana sassaƙa katakon tsofaffin jiragen ruwa. Ita kuwa sai ta manna kwali da ƙyalle da yashi a kan allo, ta shafa tawada, ta danna takarda a kai. A hankali aikinta ya tsallaka teku, ana rataye shi a manyan zauruka, amma ba ta bar ɗakinta mai yoyo ba. Matar da ban san ko sunanta ba ta shiga raina.

Kakarmu tana gidan a lokacin, ta zo jinya daga Sorau. Tsufa ya kama ta, kowa ya san in ta koma da wuya ta dawo, ga shi ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. "Ba na tsaya wa injin," in ji ta. Na ƙudurta sai na riƙe fuskarta. Sati biyu ina satar kallonta tana ɓarar gyaɗa, ina yanka kwalin sabulu da reza, ina mannawa da ƙaro. Tsohon buhu ya zama ɗankwalinta, zare ya zama dogon tabon da ke kuncinta na hagu. Na kankare baƙin tukunya na kwaɓa shi da man gyaɗa, Mama tana faɗan na mayar mata da tsakar gida maƙera, na shafa a kan abin da na manna, na ɗora takarda, na goge ta da bayan cokali har hannuna ya sage.

Da na ɗaga, ga Kaka sosai, amma tabon ya koma dama. Babu wanda ya gaya mini bugu yana juya abu. Yayyena suka fashe da dariya, wai wata tsohuwa daban na zana. Ina shirin yagawa Kaka ta miƙo hannu, ta kawo takardar dab da idonta, ta daɗe tana kallo. "Ku ne ba ku sani ba," ta ce. "Wannan ni ce. Haka nake ganin shi a madubi." Ta naɗe ta a bakin zani, da ita ta koma Sorau, can kuma ta rasu lokacin girbi. Babu wanda ya san inda takardar ta shige.

Yanzu ina koyar da zane a Lamorde, ayyukan masu zanen Kyuba suna cikin wayata, ina nuna wa ɗalibai duk wanda na ga dama, kuma har yau suna burge ni. 'Ya'yana suna da hotuna fiye da yadda za su iya kallo. Ni kuwa in na rufe ido ina neman Kaka, fuskar tana zuwa, kewarta ta cika ni, sai dai tabon ba ya tsayawa wuri ɗaya. Na daina sanin wane kunci ne nata, wane ne na zanena.