Mai Neman Amon Zaure

A shagon kayan kiɗa na Ikechi a Tudun Wada, wani dogon mutum mai furfura a gemu yana zaune kan lasifika, jitar lantarki a cinya, fuska kamar hadari. Gabansa an jera 'yan akwatunan amsa-kuwwa, irin waɗanda makaɗi ke takawa don sauti ya yi amo. Sai ya taka ɗaya, ya taɓa tsirkiya, ya saurara, ya ja tsaki.

"Malam, wannan amon coci ne, wancan na ɗakin taro," in ji Ikechi. "Tun ɗazu kake murɗa min kaya. Me kake so?"

"Amon zaure."

"Zaure? Wanda ya ƙera su bai taɓa ganin zaure ba. In ba saye za ka yi ba, tashi."

Mutumin yana hararar silin ɗin roba da ke samansa, hararar wanda ya san abin da ke wurin a da. Wataƙila nan ya fara kaɗa garaya yana yaro.

Ya zare wayar jitar daga akwatin, ya rataya jitar.

"Da ba a rushe zauren babana an gina shagon nan ba, da ban zo sayen amo ba."