Zulkifilu Hunkuyi da Littattafan da Ya Bari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Laraba, sha biyu ga watan Sha'aban, Rashida ta kira ni a waya daga Hunkuyi. Daga yadda ta ce "Baba Ja'afaru" na gane sauran. Mahaifinta, abokina Dakta Zulkifilu Yahuza, ya rasu bayan jinyar da yake fama da ita tun damina.

Zulkifilu, tare muka fara koyarwa a sashen nazarin ilimi na jami'a, ni daga Ikara, kai daga Hunkuyi, ofishinmu ɗaya. Kai ɗan malamin zaure ne, ka tashi kana jin mahaifinka yana biya wa manoma fiƙihu bayan la'asar. Da ka tafi Tunisiya neman digirin digirgir, wani malaminka ya kai ka makarantar Yahudawa a tsibirin Jarba. Ka dawo kana ba ni labari: yara a gaban dattijo suna rausaya kai suna maimaita Attaura da ƙarfi, manyansu kuma bibbiyu, kowa na gardama da ɗan'uwansa a kan jimla guda. Ka ce da ka rufe ido sai ka ji kamar a zauren gidanku kake. Daga nan ka kama tambayar da ba ka sake ta ba: yaya mutanen da suka warwatsu a duniya suka riƙe karatunsu daga uba zuwa ɗa, kuma mu me zai riƙe mana namu?

Ba ka sha da daɗi ba. A kasuwar Hunkuyi aka laƙaba maka Malamin Yahudawa. Wani mai wa'azi ya kira sunanka a lasifika alhali bai taɓa karanta shafi ɗaya naka ba. Yayanka Alhaji Tukur ya daɗe bai taka gidanka ba. A wurin aiki kuwa, duk lokacin ƙarin girma sai a ce bincikenka ba shi da amfani a nan. Na gaji da kare ka a majalisu, har wata rana na ce ka sauya fage ka huta. Ka ce, "Ja'afaru, ba neman addini na je ba. Da nawa na tafi, da shi na dawo. Yadda ake miƙa shi na je gani."

Duk da haka ba ka yi zuciya da kowa ba. Ina tuna Samira, ɗalibar nan 'yar Makarfi da malamin da ke duba aikinta ya yi watsi da ita. Ka karɓe ta, kana ɗaukar ta a tsohuwar motarka zuwa ƙauyen Janfalan, ka zauna a gindin bishiyar maina kana jira, ita tana cikin gidaje tana tambayar tsofaffin mata wa ya koya musu sallah. Yau ita ma tana koyarwa.

Da ka yi ritaya ka share zauren mahaifinka, ka zaunar da masu ɗaukar karatu bibbiyu, ka ce su tambayi juna kafin su tambaye ka. Da farko sun ga abin kamar rashin ladabi ne. Daga baya har daga ƙauyukan Kudan ake zuwa da laka a ƙafa.

Zuwana na ƙarshe na same ka ka rame, magana ma da ƙyar. Ka ce a cikin ɗalibanka babu wanda ya yarda ya bi fagenka, kowa na tsoron sunan da aka sa maka. Ka yi 'yar dariya ka ce, "Na ƙare rayuwata ina nazarin yadda ake gadar da ilimi, ga shi nawa babu magaji." 

Bayan mun dawo daga maƙabarta, Rashida ta shigar da ni ɗakinka ta nuna mini littattafan Ibrananci jere har kusa da rufi, ta ce ina za a kai su. Na ce ta bar su tukuna. Ni ma na tsufa, kuma ko harafi ɗaya ban iya karantawa a cikinsu ba.

Allah ya jiƙanka, Zulkifilu. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya ba ka ladan duk wanda ka koya wa karatu da duk maganar da ka haɗiye. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Hajiya Hajo, da 'ya'yanka Rashida da Saminu, da Alhaji Tukur, da jama'ar Hunkuyi baki ɗaya. Allah ya ba su haƙuri. Mu kuma da muka rage, idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Ka huta, abokina. Ka gaji.