'Yar Ƙofa a Gindin Bindiga

Shekara goma sha ɗaya ina auren 'yar mutumin nan, bai taɓa kiran sunana ba. "Wannan yaron" yake cewa, ko da ina tsaye a gabansa da furfura a gemu. Laifina ɗaya ne. Su gidan maƙera ne, maharba kuma, ni kuwa ɗan boko, ranar da na je gaisuwar farko ya riƙe tafin hannuna ya ji laushi. Shi ke nan an yanke mini hukunci. Ba zan ɓoye ba, abin yana ci mini rai, kuma ba abin da nake so irin tsohon nan ya yarda cewa 'yarsa ba ta faɗa hannun rago ba.

Mun kawo shi wurinmu a Greensboro, can Amurka, don a yi masa aikin ido. Garin awo likita ya gano hawan jini, ya hana shi gishiri da goro. Matata nas ce, sai ta riƙe dokar nan kamar ita ta kafa ta. Aljihun riga, cikin hula, ƙarƙashin matashi, har jakar carbi, babu inda ba ta lalubawa. Baba ya zama abin tausayi, yana zaune a baranda yana kallon gonakin unguwarmu ta McLeansville, bakinsa yana motsi ba komai a ciki.

A lokacin ina da wani aiki a gareji. Maƙwabcinmu, wani tsohon Bature, shi ya koya mini farautar barewa har na yi lasisi, sannan ya zuga ni in haɗa bindigata. Ƙarfen na saya ta hanyar da doka ta yarda, katakon kuwa ni na sassaƙa. Wata bakwai ina tasowa daga ofis a cikin gari, in cire nakatayi, in hau gurza. Matata ta ɗauka son nama ne. Ni na san don wa nake yi.

Ranar da na gama, na shimfiɗa ta a kan darduma na kira Baba. Ya ɗauka, ya juya, ya shinshina katakon, ya ɗora a kafaɗa. Sai ya kifa ta ya dubi gindin, inda take dafa kafaɗa, wanda na rufe da baƙar roba. Ya ƙwanƙwasa da farce.

"Ina ƙofar?"

Na durƙusa na ce wace ƙofa, Baba. Ya ce bindigar mahaifinsa farantin ƙarfe ne a gindinta, da 'yar ƙofa mai murfi, a bayanta akwai rami a cikin katako. Bindigar da ba ta da wannan, in ji shi, sanda ce kawai mai hayaniya. Ya ajiye ya koma barandarsa. Wata bakwai fa!

Wani zai ce me ya hana ka tambaye shi amfanin ƙofar. Wanda ya faɗi haka bai yi suruki ba. Mutumin da ko ruwa ba na iya sha a gabansa, shi zan titsiye da tambaya? Na je wurin maƙwabcina, ya ce ya san abin sarai, tsofaffin bindigogi ake yi wa don ajiye tsumma da man gogewa, amma samun wanda zai dace da tawa sai an sha wuya.

Na kuwa sha ta. Shago na farko na shiga ne ranar Juma'a daga masallaci, da kaftani da hula, ban ma yi tunani ba sai da na ga kowa ya yi tsit. Ga ni da gemu, ina kwatantawa da hannu cewa ina neman wurin ɓoye abu a cikin bindiga. Mai shagon ya tambaye ni, cikin ladabi har ya yi yawa, me nake son ɓoyewa. Na ce wallahi ban sani ba, surukina ne yake so. Ban taɓa ba da amsar da ta fi wannan muni ba a rayuwata. Na fito ina gumi, na zauna a mota ina zagin kaina.

Na koma intanet. Farantin da aka fara aiko mini, a hoto kamar ƙarfe yake, da ya iso ashe roba ce aka fenta. Baba ya ɗan lanƙwasa shi da yatsu biyu, washegari na tarar ya ɗora butar shayinsa a kai. Na biyu ƙarfe ne na gaske, amma faɗinsa ya isa a toya ƙwai. Shi ma ya tafi ƙarƙashin buta.

Kafin wata ya zagayo magana ta kai masallaci. Wani abokina ɗan zangon Kumasi, mai tuƙin tasi, ya ce ai kowa ya san maharban da, laya suke sawa a ciki don kada bindiga ta fashe. Wani ya ce a'a, gashin kura ne. Liman ya ja ni gefe bayan la'asar ya yi mini nasiha mai tsawo a kan dogaro ga Allah, ni da ko ƙofar ban samu ba balle abin sawa. Da na kai wa matata labari ta ce ba ruwanta, ita dai kada a shigo mata da bindiga falo, kuma ba za ta taɓa ta ko da tsinke ba. Baba yana baranda yana jinmu.

Maƙwabcina ne ya tuna da wata tsohuwa a can bayan gonaki, wadda mijinta ya rasu ya bar rumfa cike da tarkacen bindigogi. Na ɗauki Baba muka je. Ni na yi awa guda ina tona akwatuna ina atishawa. Shi kuwa, da idonsa ɗaya a rufe da bandeji, ya zura hannu cikin wani gwangwanin kofi ya zaro farantin kamar shi ya ajiye. Ya yi tsatsa, amma da ya danna murfin da babban yatsa sai ya buɗe, ya rufe, ƙyas. Tsohuwar ta ƙi karɓar komai, ta ce sai dai in gyara mata ƙyauren lambu da ya karkace. Baba ya tsaya a kaina har na gama, yana tsaki duk lokacin da na ɗaga guduma.

Farantin ya ɗan fi gindin bindigar faɗi, ga rami da za a huda. Na ɗauko magagari na fara gurzawa, sai na ji an karɓe daga hannuna. Kwana uku muna gareji. Baba ya nuna mini yadda ake tura magagari gaba kawai, a ɗaga a dawo. Ya sa na shafa baƙin fitila a ƙarfen, na manna a katako, inda ya yi baƙi nan zan rage. Ramin ma shi ya faɗi girmansa, ya haɗa yatsu ya ce kamar haka, kada ya gaza. Har aka gama bai ce aikin ya yi kyau ba. Abin da ya ce shi ne, "To."

Da lokacin farauta ya kama, muka fita bayan sallar asuba, muka zauna a 'yar bukkar katako a bakin dajin maƙwabcina. Na sa masa rigar nan mai ruwan lemo da doka ta ce a sa, a kan babbar riga, ga sanyi. Mun yi kamar awa guda babu barewa babu alamarta. Sai ya miƙo hannu, na ba shi bindigar bayan na cire harsashi. Na ce a raina yau zan ga layar. Ya danna murfin, ya karkata gindin, sai ga goro ya gangaro tafin hannunsa. Fari, ƙato, a naɗe cikin danshin tsumma.

Ashe shagon nan, da nasihar liman, da ƙyauren tsohuwa, duk don a sami wuri ɗaya tak a gidana da 'yarsa ta rantse ba za ta taɓa ba. Dariya ta taso mini, haushi ma ya taso, na rasa wanda zan fara. Shi ko a jikinsa. Ya sa farce ya ɓare goron biyu, ya dubi ɓarin, ya miƙo mini babban.

Na sunkuyar da kai, don ban taɓa tauna komai a gabansa ba. Sai ya kira sunana. Sunana na yanka, daidai, kamar kullum yana faɗa.

"Karɓi ka ci. Hannunka ya yi kanta, na gani."

Na karɓa. Ban iya cin goro ba, ɗaci ya shaƙe ni, na yi tarin da ya kori duk wata barewa da ke yankin. Mun koma gida hannu rabbana, ni kuwa ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Daga baya na riƙa ƙayyade masa, ɓari ɗaya a sati, muna rabawa, don ni ma ina tsoron likita kuma na fi tsoron matata.

Baba ya koma gida da damina, ya rasu shekara biyu bayan haka. Da kaka ta zagayo, ina gareji ina goge bindigar don fita, matata ta shigo ta tsaya daga nesa kamar yadda ta saba. Ta miƙo mini wani abu a naɗe cikin tsumma, ta ce in sa a ƙofar. Na warware tsumman, sai ga goro. Ta ce ita ce fa mai wanke masa kaya, jan goro kuma ba ya ɓuya a bakin hannun riga. Ta ce tun satin farko ta gane, ta yi shiru ne don ta ji yana kiran sunana.

Na sa goron na rufe murfin.