Goran da Ya Nutse

A littafina na farko na labarin kimiyya, na kai masuntan Argungu wata duniya mai ruwa marar nauyi, inda gora ba ya ɗaukar mutum. A na biyu kuwa, a wannan duniyar dai, ambaliya ta ritsa da jarumina, ba abin tsira sai gora.

Abokina, wanda muke koyarwa tare a Birnin Kebbi, ya yi dariya da na ƙi barin goran ya cece shi. "Haba Malam, wa zai tuna? Duniyar ma ai ƙarya ka shirga!"

Na daɗe ina tuhumar kaina da taurin kai. Amma ni na kafa dokar, masu karatu kuma sun amince da ita. Na bar goran ya nutse, jarumina na rungume da shi.