Tarago na Uku

Ranar biyu ga Babbar Sallah, shekarar da nake aji huɗu a firamare, na tsaya a gaban jirgin Baba da tikiti a hannuna, lallen ƙafata ko fara gogewa bai yi ba. Da sassafe muka baro Jajaye ni da Inna, muka sauya mota a Karaye, na yi amai sau biyu kafin Kano, amma ko a jikina. Shekara biyu Baba yana yi mini alkawarin wannan rana. Ga jirgin kuwa, yadda yake ba mu labari: tarago huɗu, ja da rawaya, a kan wani siririn dogo da ya haura sama har ya kere rimin bakin kasuwarmu, ya gangaro, ya murɗe, ya dawo inda ya tashi. Saura mutum biyar layi ya zo kaina sai ga Baba ya fito daga ƙarƙashin dogon, hannuwansa baƙi ƙirin da giris. Ya ja sarƙa ya tare ƙofa, ya ce jirgi ba zai ƙara tashi ba yau.

Baba makaniki ne a wani wurin wasan yara a Kano, sai ƙarshen wata muke ganinsa. In ya zo, muna zaune a tsakar gida muna ɓarar gyaɗa, ba shi da hira sai ta jirginsa. Daga bakinsa na san cewa tayoyin tarago iri uku ne: wasu suna bin saman dogo, wasu sun rungume shi ta gefe, wasu sun riƙe shi ta ƙasa don kada jirgi ya yi tsalle. Kullum da safe, kafin a buɗe ƙofa, sai ya bi noti ɗaya bayan ɗaya da sifana, ya ɗora bakin sukudireba a kan ƙarfe, ya kara ƙotar a kunnensa yana sauraren tayoyi. Sannan ya loda buhunan yashi a kujeru, ya ɗaure su da bel kamar mutane, ya sake su su zagayo sau uku. "Buhu ne ke fara hawa, Ladidi," in ji shi. "In ya dawo lafiya, sannan ɗan mutum."

Ni kuwa bakina ba ya ajiye magana. A rijiya, a wurin carafke, a bayan aji lokacin tara, babu yarinyar da ban ishe ta da jirgin ubana ba. Har suna suka sa mini, 'yar mai jirgi, na kuwa karɓa hannu bibbiyu. Ƙawata Saude, wadda ko Rogo ba ta taɓa wucewa ba, na yi mata alkawarin in na dawo zan gaya mata yadda Kano take daga sama.

To, ga ni a layi, ga sarƙa. Manajan wurin ya taso da babbar rigarsa ta Sallah yana surfa wa Baba faɗa a gaban jama'a. Baba ya ce boris ɗin cikin tayar tarago na uku yana kuka, kunnensa ya ji tun zagayen baya. Manaja ya ce shi bai ji komai ba, ranar Sallah ce, a lallaɓa zuwa magariba. Baba ya zare makulli ya jefa a aljihu. Mutane suka hau zaginsa, wata mata har da tsaki a fuskarsa. Na kutsa na kama gefen rigarsa.

"Baba, sau ɗaya kawai. Ni kaɗai."

"Ko buhu ba zan ɗora ba, balle ke."

Abin da ya faɗa ke nan, bai ko durƙuso ya dube ni ba. Inna ta saya mini alawa don in yi shiru, na wurgar da ita a kwata. Wallahi ranar na tsani mahaifina, tsana irin ta yaro, wadda ba ta jin bayani.

Da muka koma gida, kafin mu huta gajiya Inna ta gama ba maƙwabta labari, don haka ko ƙarya ban samu damar yi ba. Saude ta tsaya a bakin rijiya ta shaida wa kowa cewa a gidanmu buhun yashi ya fi 'ya gata. Aka yi ta shewa. Wannan magana ta bi ni har na gama firamare.

Bayan Sallah aka kwance tayoyin, aka tarar gaskiyar Baba ce, boris ya ci har ya fara tsagewa. Kana tsammanin wani ya ce masa sannu? Masu wurin suka ce dama jirgin ya tsufa, suka yi odar sabo, ya zo da nasa ma'aikata masu duba shi da na'ura. Suka ce ba su da bukatar mai sauraren ƙarfe da kunne, balle wanda ya kunyata manaja a bainar jama'a. Shekara goma sha huɗu yana kwanciya a ƙarƙashin dogonsu, sallamar da suka yi masa ita ce tarago na uku, tunda dama jefar da shi za su yi. A bayan motar taki Baba ya iso da shi Jajaye, gab da faɗuwar damina. Gari ya fito kallo, wasu na yi masa jaje, wasu na danne dariya.

Ya girke shi a gindin darbejiya, kusa da turken awaki, a kan guntayen katako biyu. Ya koma gona, fartanya ta yi ta fasa masa hannu. Amma duk Juma'a in ya sauko daga masallaci sai ya cire riga, ya wanke taragon, ya shafa wa tayoyi giris, ya juya su yana saurare, alhali babu inda za su. Ya nemo boris ya sauya wanda ya lalace. Yaran unguwa suka mai da wurin dandali, su cika kujeru, ya tsaya a baya yana girgiza su suna ihu. Kowane mako sai ya kira ni, ya kakkaɓe kujerar gaba da hularsa, ya ce yanzu lafiyarsa ƙalau. Ni kuwa sai in ɗauki tulu in fice. Ranar da ya matsa, na ce masa wannan akwatin ƙarfe ne, ni jirgi ya yi mini alkawari. Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma. Bai ƙara kira na ba, amma bai daina share kujerar ba.

Ina makarantar kwana ya rasu. Kafin in dawo hutu baffana ya kira 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, sun sassare taragon sun tafi da shi, sai katakon biyu da tabon mai a ƙasa.

Sallar bara na kai 'ya'yana wani wurin wasa a Kano. Jirginsu sabo ne fil, ba ya ko ƙara. Na tambayi saurayin da ke danna maɓalli ko buhuna sun zagaya da safe, ya ɗago daga wayarsa ya ce wane buhu, Hajiya? Na rasa wa zan ji wa haushi, shi, ko manajan can, ko ni kaina. Ƙaramar 'yata ta ja hannuna ta ce ga kujerar gaba babu kowa, in zo mu hau. Na ce ta je, ina kallonta daga nan. Tawa kujerar shekara biyar ana share mini ita duk Juma'a, ban zauna ba ko sau ɗaya.