Ranar da Minista Ya Kulle Shagon Aski

Ku matso. Dalilin da ya sa Minista ya kulle shagon aski ranar Asabar, ni kaɗai na sani a layin nan, kuma yau sai na fasa. Masu cewa aure ya ƙara a ɓoye, ƙarya suke. Amma ku dakata, wasunku ko Ministan ba su sani ba.

Mai aski ne, bangonmu ɗaya da shagona na ɗinki. Shagon ma na yayansa ne, shi dai tun yana saurayi yake gyaran ƙeyar mutane a ciki har furfura ta fara leƙo masa. Wata rana wani kwastoma ya tambaye shi me ya sa aski ya ƙara kuɗi. Ya ce ai komai ya tashi. Mutumin ya ce, "To wa ya tashe shi?" Tambayar nan ta tsaya wa Minista a rai. Bai shawarci kowa ba ya samo tsohuwar kwamfuta, ya shiga kwas na kwaleji ta intanet, na 'yan farawa, kan tattalin arzikin ƙasa.

Daga nan layi ya shiga uku. Duk abin da malama ta koya masa da safe, a kan mutane yake bitarsa. Ka zauna, ya ɗaure ka da ƙyalle, ba gudu, ya hau hauhawar farashi da rashin aikin yi. Wani direba gyaran gemu kawai ya je, wallahi ya fito da kai tal kamar ƙwai, amma ya san dalilin da babban banki ke ƙara kuɗin ruwa. A nan aka laƙaba masa Minista. Ku ji mutum, amsawa yake, har da gyara wuyan riga.

Yayansa kuwa haushi kamar ya fashe. "Gemai-gemai da kai, karatun me? Ka gyara ƙasa ko ka gyara saje?"

"Duka biyun, Yaya."

Sai jarrabawa ta faɗo ranar Asabar, ranar da benci ke cika har waje. Sharaɗinta, mutum shi kaɗai a ɗaki, kyamara a kunne, wata mai sa ido na kallo daga can. Gidansa kuwa yara da surukai, ko sauro sai ya nemi izini kafin ya sami wurin sauka. Shago kaɗai ya rage masa. Yaya ya ce in ya kuskura ya rufe shago ranar, ya ajiye makulli, aiki ya ƙare.

Ya rufe. Har da sakata ta ciki.

Ni fa ba laɓe na je yi ba. Shanya na fita yi ta baya, kunnena ya jingina da tagarsa don kansa.

Mai sa ido ta ce ya zagaya da kyamara ta ga ɗakin. Ya zagaya. Sai na ji ta daka tsawa: "Malam, su wane ne waɗannan?"

Kun manta madubai? Na gaba na kallon na baya. Matar nan ta hango Ministoci jere reras har ƙarshen duniya, kowanne rungume da kwamfuta.

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Dukansu?"

"Kaf. Kuma ba mai ba wani amsa, kanmu ɗaya."

Ta ce ko ya rufe su ko ta soke jarrabawar. Ya bi madubai da tawul da ƙyallayen aski yana haki. Yana cikin haka Yaya ya iso da dukan ƙofa kamar zai ɓalle ta.

"Buɗe! Mutane sun yi layi!"

"Gashinsu ba zai gudu ba, Yaya."

"To ba ni makullina!"

Sai ƙarar ƙarfe a siminti. Ta ƙarƙashin ƙofa ya turo masa.

"Ga shi nan. Da yamma shagonka ne, ka sa wanda ka ga dama. Yanzu kam ajina ne."

Yaya ya tsaya da makulli a hannu, sakata kuwa na ciki. Ya yi ta bambami har muryarsa ta dushe, ya ja jiki.

Mai sa ido ta ce to a fara. Na ƙara miƙa wuya in ji tambayar farko, sai na ji ta ce, "Tsaya. Ɗankunnen waye wancan a taga?"

Kafin in sunkuya, labule ya yaye. Ido cikin ido.

"Gwaggo," in ji Minista, "yayana bai hana ni ba, ke ce za ki hana ni? Je ki gaya wa layi duka. Ki ƙara gishirin da kika saba."

Ya ja taga, garam.