Mai Miƙo Maka Ƙwallo

Wata rana shugaban wata ƙungiyar ƙwallon kwando a Kano, Alhaji Munzali, ya kira kyaftin ɗinsa ofis.

Sunan kyaftin ɗin Sagir, amma duk gari Dogo ake ce masa. In ya daka tsalle ya zura ƙwallo a kwando, har masu rake na bakin ƙofa sai sun bar baro sun leƙo.

Alhaji ya ce wata ƙungiya daga Legas ta kawo tayi, mutum ɗaya take so: ko Sagir, ko Garzali.

Garzali ba ya cika zura ƙwallo. Aikinsa ya kutsa cikin abokan hamayya, ya ja mutum biyu su bi shi, sannan ya cillo wa Sagir ƙwallo daidai inda hannunsa yake so, ko kallonsa bai yi ba.

Tun suna yara suke wasa tare, a filin siminti duk ya tsattsage, kwandon ko raga babu.

Da aka nemi shawarar Sagir, ko numfashi bai ja ba. Ya ce shi ’yan kallo suke zuwa gani, mai miƙo ƙwallo kuwa ko'ina akwai shi.

Maganar ta je kunnen Garzali. Ya haɗa jakarsa, ya kama hanyar Legas.

Sagir ko tasha bai raka shi ba. Wallahi wannan ya fi komai ƙona min rai.

Aka shiga sabuwar kakar wasa.

Sabon mai miƙo ƙwallo yana iya ƙoƙarinsa, amma ƙwallon ko ta zo a gwiwa, ko ta zo bayan an rufe hanya. Mutanen da Garzali yake janyewa a da, duk suka dawo kan Sagir.

Sagir ya ce takalmi ne, aka sauya masa. Ya ce alƙalan wasa ne. Daga baya har cewa ya yi an yi masa sammu.

Ƙungiya ta yi ta shan kashi. Bakin da yake kiran Dogo, shi ya koma kiran "Dogon banza". Can Legas kuwa, wani ɗan wasa da ba a san da zamansa ba ya fara tashe, don Garzali ne yake ba shi ƙwallo.

Ƙarshen kaka Alhaji ya sake kiran Sagir. Wannan karon ko kujera ba a nuna masa ba. An sa shi a kasuwa, babu wanda ya taya, don haka za a sallame shi.

"Ranka ya daɗe, ni ne fa tauraron ƙungiyar nan."

"Mu ma haka muka ɗauka, Dogo. Ashe tauraron shi muka saka a motar Legas, kuma da shawararka."

Ji Alhaji fa, kamar ba shi ya sa hannu ba. Mutumin da allon maki kawai yake kallo, bai taɓa lura da inda ƙwallo take fitowa ba.

Sagir ya fito, ya ciro waya zai kira Garzali. Sai ya tuna tun ranar da ya tafi, ko gaisuwar Juma'a bai taɓa tura masa ba.

Ya mayar da wayar aljihu.

Darasi: Kafin ka ce a rabu da wani don sunansa ba ya fita, duba ko shi ne yake fitar da naka. Shugabannin da suka tafa maka lokacin da ka bayar da ɗan'uwanka, su ne za su ɗora maka laifin ranar da suka tashi korar ka.

Tura wa mai miƙo maka ƙwallo, tun yana ɗaga wayarka.